Baba Iliyasu, Wanda Ya Fitar Da Ni Daga Ɗaki

Ina wankin tukwane a gidan abincin da nake aiki a unguwar Selly Oak ta Birmingham, Hajiya Rabi matar Baba Iliyasu ta kira ni. Ta ce, "Nura, babanka ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar aikin na hau motar coach zuwa Manchester.

Ni ba wani karatu na yi ba, rubutun nan ma da ƙyar. Amma abin da na tarar a unguwarsu Gorton ba zai bar ni in yi shiru ba. An yi jana'iza sahu bai cika ba. Kujerun da aka aro na zaman makoki babu kowa a kai. Hajiya da 'ya'yanta, Amina da Sadiƙ, suna zaune suna kallon ƙofa. A bakin masallaci wani dattijo ya ja hannuna, ya ce, "Kai yaro, bailiff ne fa, ɗan aiken kotu. Mutanenmu nawa ya watso wa kaya a titi?"

To, ni ma ya fitar da ni. Ku saurara.

Farkon zuwana Manchester, wani ya ba ni ɗaki a flat ɗinsa a unguwar Ardwick. Ashe kotu ta riga ta ce a mayar wa landlord gidansa, wanda ya ba ni ɗakin kuma ya gudu bai faɗa min ba. Da safe aka buga ƙofa, ga ma'aikacin kotu da mai canja makulli. Ma'aikacin, Baba Iliyasu ke nan, ya dube ni ya yi sallama, ya cire takalmi kafin ya taka ɗakina. Da na ji Hausa a bakinsa sai na durƙusa, na ce, "Baba, ka rufa min asiri, ai mu ɗaya ne." Wallahi na ɗauka an gama.

Ya ce, "Tashi. Nan ba a durƙusa wa hukunci. Alƙali ya yanke, ni ɗan aike ne. Haɗa kayanka, ina jira."

Bai ɗaga min ƙafa ba, bai kuma ɗaga min murya ba. Shi ya ɗaukar min buhun shinkafata zuwa ƙasa. Aka canja makulli a gabana. Ya kwatanta min ofishin council inda ake neman wurin zama, ya koya min abin da zan ce. Da ya tashi aiki ya biyo ya same ni a can, ba su ba ni wuri ba. Ya kai ni gidansa, ya ce wa Hajiya, "Ga ɗa na samo miki, ci ne da shi." A falonsu na kwana har na samu aiki a Birmingham.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai bar aikin da ake zaginsa a kai ba. Ya ce, "In ban je ba wani zai je, wanda ba ya jin kukanku da Hausa."

Har yau ban gane dokar ƙasar nan ba. Amma na san wanda ya yaudare ni yana sahun gaba duk Juma'a kuna gaisawa, wanda ya gaya min gaskiya kuma kun bar matarsa ita kaɗai. Ni ina gidan, ba zan tafi ba sai an yi addu'ar bakwai. Mai zuwa ya zo. Wanda ba zai zo ba, ya daina ambaton sunan Baba a gabana.

Allah Ya jiƙan Baba Iliyasu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya haƙuri, Ya raya su Amina da Sadiƙ, kada Ya sa su taɓa jin kunyar aikin ubansu. Amin.