Breda Twomey, Mai Zama da Gawar Marasa Dangi

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Breda Twomey na buɗe ƙofar baya ta mashayar Hourihan, nan bakin kogi a birnin Cork, da ƙarfe bakwai na safe. Ta kwashe toka daga murhu, ta goge tebura, ta ɗora farfesun rago da dankali. Sannan ta leƙa ɗakin baya, inda ake walimar aure da ta baftisma, ta ce "ina kwananku", alhali ba kowa a ciki. Ran Juma'a za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, shi ya sa na ce bari in bayyana abin da ita ba za ta taɓa faɗa ba.

Kowa ya san ba a barin gawa ita kaɗai kafin a kai ta makwancinta. To amma unguwarmu cike take da tsofaffin da 'ya'ya suka tsallake teku suka bari, da tuzuran 'yan dakon jirgi da ba su ajiye kowa ba. In irinsu ya cika, Breda ke sa a kawo shi ɗakin bayan nan. Ta buɗe taga rai ya samu hanya, ta rufe, ta tsayar da agogo, ta lulluɓe babban madubin bango da zanen tebur, ta ja kujera ta zauna har a zo ɗauka. Kafin bara, mutum goma sha tara ta yi wa haka. Har da Peig Dineen mai koren mayafi, wadda ta shekara goma tana yaɗa cewa Breda na tsinka miya da ruwa. Tana tsinkawa kam, amma kaɗan.

Bara tsoho Hourihan ya rasu, ɗan ƙanensa Cathal ya dawo daga Landan ya gaji wurin. Ba a jima ba Finbarr Lucey ya bi bayan tsohon, mutumin da ya shekara talatin a kujerar gindin murhu, ya tafi bai bar kowa nasa ba, ko kyanwa. Cathal ya shigo da azahar ya tarar da akwatin gawarsa a kan teburin ɗakin baya, ga shi 'yan ƙwallo sun riga sun kama ɗakin don walimarsu da la'asar. Ya ce nan wurin ci da sha ne, a mayar da mutumin gidan masu shirya gawa a kulle har safe. Breda ta ce can ba mai zama da shi. Ya ce to ta zaɓa, ko gawa ko aikinta.

"Ɗan nan, a wurin wanke kofunan can na yi maka wanka," in ji ta, ko motsawa ba ta yi ba. "Je ka juya min miya kada ta kama."

Mu uku muna bakin ƙofa, wai mun zo gaisuwa. Sai Cathal ya fusata ya fizge zanen madubin. Daga nan ya ƙame. Nonie Cremin, ɗaya daga cikinmu da ta matsa ta tsaya bayansa, ta rantse cewa a cikin madubin duk kujerun jikin bango cike suke: maza da huluna a kan gwiwa, da mace ɗaya mai koren mayafi, kuma dukkansu Cathal suke kallo. A ɗakin kuwa daga Breda sai akwati. Ni runtse ido na yi, ba ni da wauta. Amma na ji warin tabar lofe, kuma an fi shekara ashirin ba a busa taba a gidan ba.

Cathal ya mayar da zanen. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Inna Breda, su wa ke nan?"

"'Yan zaman makoki ne. Su ma an zauna da su."

'Yan ƙwallo a tsaye suka sha giyarsu a ɗakin gaba ran nan. Cathal ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Fada, limamin cocinmu, ya ce tururin miya ne ya dusashe madubi, amma tun daga lokacin bai ƙara taka ɗakin ba.

Breda, ke ce uwar marasa dangi. Ke ce kika zauna da wanda ya zage ki kamar yadda kika zauna da wanda ya gode miki, ba ki tambayi kowa abin da ya aikata ba. Mun gode, Allah ya saka, ya sassauta miki gwiwar nan.

Ku kuma masu karatu, aikin ba wuya: zane, da kujera, da haƙurin zama. Ku je ta koya muku tun tana iya nunawa. Don abin da mutane ke mantawa shi ne, Breda ma ba ta da kowa. Miji ya riga ta, ɗa bai zo ba. Jiya na tambaye ta wa zai zauna da ita in ranar ta zo. Ta ci gaba da feraye dankalinta, ta ce kada in damu, mutum ashirin sun yi mata alkawari.

Ban ce ba su da kirki ba. Amma don Allah a samu ko mutum ɗaya mai numfashi a cikinsu.