Dalmar da Yaya Ya Ɗiga a Keken Baba

Har yau in na ji warin dalma sai raina ya ɓaci.

Da ciwon ƙafa ya hana Baba tafiya, ni na haɗa masa keke mai batir, don babu abin da ya tsana kamar a tallabe shi zuwa masallaci. Injin yana cikin tayar baya, irin mai mayen ƙarfe. Shi wannan inji, gwargwadon wutar da ka ba shi gwargwadon ƙarfin juyinsa, kuma tun daga tsaye yake fizga. Shi ya sa akwai ɗan akwati a ƙarƙashin kujera mai auna masa wuta kaɗan-kaɗan. Mako guda na yi ina saita shi, don lungunmu na unguwar Sheshe da ƙyar mutum biyu ke giftawa, ga kwata a gefe.

Wata huɗu Baba yana zuwa salla biyar shi kaɗai, har ya tsaya gaisawa a hanya.

Sai yayanmu ya sa baki. Gyaran fanka yake yi a bakin kasuwar Kurmi, saboda haka a gidanmu duk abin da ke da waya nasa ne. Ya hau keken, ya murɗa hannun, ya taɓe baki.

"Wannan ai rago ne. Wuta ka hana shi."

Na ce, "Yaya, da gangan na yi. Ba fanka ba ce."

"Kai da na goya za ka koya min waya?"

Na tattara kayan aikina. A gidanmu ƙane ba ya maimaita magana a gaban wa, kuma wannan shirun nawa ya fi komai ƙona min rai.

Ranar da na je Ƙofar Mata duba wani babur, Yaya ya buɗe akwatin, ya ɗiga dalma a kan 'yar wayar da ake auna wutar da ita. Akwatin ya makance, wuta na kwarara shi yana ganin kaɗan ce.

Da la'asar Baba ya taɓa hannun kamar yadda ya saba. Keken ya zabura, ya daki bango, ya kifar da shi cikin kwata a gaban masu alwala. Baba bai karye ba. Amma mutum huɗu suka cicciɓo shi zuwa gida, babu hula, farar rigarsa tana ɗigar da ruwan kwata.

Yaya ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara! Ita ta kunna ƙarfen dalma?

Cikin awa ɗaya na kankare dalmar, na hau na zagaya tsakar gida a gaban Baba don ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Rufe shi."

Shekara biyu ke nan a zaure yake salla, yana jin liman ta lasifika. Ni kuwa har yanzu duk Juma'a sai na ɗaga buhun da ke kan keken na sa masa caji.