Bangon da Na Fasa a Banza

Bayan rasuwar matata, 'yarmu ta fari ta ajiye karatun digirinta na biyu a fannin lissafi, ta dawo gida unguwarmu Limanti ta karɓi tukunya. Haka ake yi a danginmu, babbar 'ya ce ke riƙe gidan uba har ya sake aure. Ban ce ta zo ba, ban kuma ce ta koma ba. Malaminta ya aiko cewa in zangon ya wuce ba ta dawo ba, za a ba wani gurbinta. Ta ji, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Ni aikin haɗa wayoyin lantarki nake yi tun ina saurayi. A shekarar, bangon kicin ɗinmu bai gama bushewa daga ambaliya ba, wanda ya taɓa shi sai wuta ta ja shi. Wata safiya na bi shi da bayan hannu kamar yadda muke yi, na ɗora mitar awon wuta nan da can, na yanke cewa wayar da ta ɓare tana kusa da taga. Na sa guduma na fasa. Waya lafiya lau. Na matsa gaba na sake fasawa, nan ma babu komai.

Sai na ji dariya a bayana. Rabona da dariyarta tun kafin jinyar mahaifiyarta.

"Baba, ka rage mana inda za mu rataya ludayi."

"Uwata," na ce, don sunan mahaifiyata gare ta, "mitar ce ta tsufa. Kuskurenta kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin ne ya cinye rabin bango."

Ta jawo kujera ta zauna, ta ce ai karatunta ke nan. In daga waje kake awo, ɗan kuskure yakan kai ka nesa da gaskiya. Jikin mutum ma haka yake: tsoka da jini da ƙarin da ciwo kan tsirar, kowanne da yadda yake barin lantarki ya ratsa shi. Akwai na'urar asibiti da ke iya auna 'yar wutar da ke gudana can ciki. Abin da take son tabbatarwa da lissafi shi ne, in awon daga ciki ya fito, ƙaramin kuskure ba zai ɓata hoton ba sai kaɗan.

Na tuna yadda aka yi ta duba mahaifiyarta, ba a ga ƙarin da ke jikinta ba sai da ya girma. Na kau da kai. Ita ma ta sunkuyar da kai.

"Kin gama tabbatarwar?"

"Da saura. Inda wutar ta yi rauni, can lissafin ke kufce mini."

"To wa zai ƙarasa?"

"Wa zai dafa maka?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ranar na dafa burabusko, ya fito da gudaji, miyar kuma ta yi gishiri. Ta ci a hankali, tana shan ruwa. Ta ce ba zai kashe ni ba.

Yayata ta zo ta yi faɗa, wai mutane za su ce an bar ni a wulaƙance. Na ce mata ni na sallami yarinyar ta koma karatunta, mai magana ya zo wurina.

Ranar Litinin na ɗaukar mata jaka zuwa bakin titi. Da ta shiga Keke Napep ta leƙo ta ce, "Baba, ka kira wani ya duba bangon nan." Na ce to, Allah ya ba da sa'a.