Kwanon da Aka Mayar wa Mahaifiyata

Da safiyar wata Asabar, a shekarar da aka sa ni makaranta, na ga mahaifiyata tana share hawaye a gaban kwanon koko. A lokacin muna zaune a unguwar Kurayyat da ke Jidda, a gidan haya mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, mahaifina kuwa yana aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Al'adar gidan ita ce, da an idar da sallar asuba, kowace mace ta ɗibi abin da ta girka ta aika wa maƙwabtanta, kuma babban cin fuska ne a mayar da abinci ba a taɓa ba. Inna takan dama koko ta soya ƙosai, ni kuma in bi ƙofa-ƙofa da kwanuka, in dawo da ful, dafaffen waken nan mai man zaitun, da gurasar tamis mai zafi.

Ran nan Khala Zainabu, matar ƙanen mahaifina, haifaffiyar Jidda mai taƙama da Larabcinta, ta buɗe murfin, ta yatsine fuska, ta rufe. Ta ce in faɗa wa uwata nan ba ƙauye ba ne, halas, wato shi ke nan, kada a ƙara kawo mata. Daga ranar Inna ta daina aika kwano ko'ina, ta koma karyawa a ɗaka kamar mai laifi.

Na riƙe abin a raina wata da watanni. Dama ta samu ranar da Khala ta tara baƙi karin kumallo, har da matar kafilin mijinta, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar. Ta kira ni don a ga kirkinta, ta miƙo mini ful da tamis. Na buɗe, na duba, na rufe, na ajiye a gabanta.

"Ki riƙe abinki, Khala," na ce da Larabci domin kowa ya ji. "Ba na cin abincin wadda ta raina na uwata."

Mahaifina ya zane ni sosai, ban yi kuka ba. Washegari Inna ta cika kwanuka, ta ce in kai kowace ƙofa ban da ɗaya. Har Khala ta rasu ban sake ɗanɗana girkinta ba, kuma ban taɓa nadama ba.

Yanzu na yi ritaya, ina zaune a unguwar Bani Malik a nan Jidda. Jikokina suna cin burodi a cikin mota, maƙwabcina kuwa ban san da me yake karyawa ba. Ina kewar zamanin da abincin safe yake da darajar da yaro zai sha duka a kansa.