Alhaji Buba da Ƙosassun Ƙwayoyin Jininsa

Ina kara, kasuwar shanu, ina duba haƙoran wani bijimi aka zo min da labarin rasuwar Alhaji Buba, wanda ya koya min dillancin shanu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mubi ta yi rashin mutum mai kyakkyawan zato, wanda ko gargaɗi aka yi masa sai ya tsinci yabo a ciki ya kai gida.

Wannan hali ne ya raka shi asibiti ranar da ƙirjinsa ya riƙe, zufa ta karyo masa. Bayan an ɗebi jini, likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun fara toshewa, kuma ƙwayoyin nan da ke daskarar da jini idan mutum ya yanke, nasa sun fi na sauran mutane girma.

Alhaji ya gyara zaman hula. "Sun fi na mutane, ka ce?"

"Baba, ba abin murna ba ne. Manyan sun fi saurin mannewa su tare hanya, ciwon ya tsananta."

"Ɗana, kai jini ka karanta, ni dabba na sani. Ban taɓa ganin inda ƙiba ta rage daraja ba."

Aka rubuta masa maganin tsinka jini, sunan kuma shi ya ɓata komai. Ya ce bai yi kiwon jininsa da tsire da man shanu ba don a mayar masa da shi ruwan koko. Matarsa, Goggo Adama, ta koma daka maganin tana zubawa a fura. Da ya gano bai yi faɗa ba, sai ya riƙa miƙa wa baƙi kwanon, don marigayi akwai kyauta. Duk unguwar Yelwa babu gidan da baƙinsa suka kai nasa lafiyar zuciya.

Amma bai taɓa cutar mai saye ba. Yakan ce min, "Umaru, in saniya tana tari, ka faɗa kafin ta faɗa da kanta." Nasa ƙirjin kaɗai ya ɓoye wa aibi, har ciwon ya dawo ya same shi bayan sallar la'asar.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya bai wa Goggo Adama da 'ya'yansa haƙuri, Ya albarkaci bayansa.

Bayan sadakar uku na je an gwada ni, aka ce nawa ƙwayoyin ƙanana ne, lafiya lau. Har yau ban faɗa wa kowa a kara ba. Wane ne zai ba da amanar saniyarsa ga dillalin da ko jininsa ya kasa kiwatawa?