Muciya a Hannun Baba

Shekarar da aka fara maganar shari'a a Dutse, Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a hannun dama. Mu duka ƙanana ne, don haka Baba ya ɗauki muciya. Tun zamansa na gwauro a Kano ya iya tuƙa tuwo, kuma ashe yana so. Ya dawo daga ofis, ya naɗe hannun riga, ya yi talge yana fito. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na makonnin nan ba.

A layinmu maza na ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a ci. Mako uku kwanonmu ne ke fara ƙarewa. Wani Alhaji maƙwabcinmu, mai tumbi kamar randa, wanda ko ruwan alwala sai an zuba masa, har suɗe kwanon yake yana cewa, "Malam, kai dai ka yi dacen mace."

Shi ne kuwa ya hau gyaran katanga ya hango Baba a madafi. Kafin magariba labari ya gama layi. Da Baba ya fito da kwano, Alhajin ya ce, "Sannu da aiki, uwargida! Ka dai yi hattara, ka ga yanzu korar 'yan daudu ake yi." Suka kwashe da dariya, ƙartin banza, bakinsu duk miyar da Baba ya kaɗa. Har da mai ja musu salla, wanda ya fi kowa sanin taimakon iyali ba laifi ba ne, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Na raina su tun ranar, har gobe. Baba ma na ji haushinsa, don da ya shigo ce wa Inna kawai ya yi, "Gobe ki lallaɓa ki tuƙa." Inna ta tuƙa da ɗaurin karaya, tana cije leɓe. Hannun ya warke a karkace, ko tulu ba ta ƙara ɗauka da shi ba. Baba kuma ya koma cikakken namiji, mai zaman tabarma da ɗaure fuska, ba fito.

A ciyayya ta gaba Alhajin ya gutsiri tuwon, ya yamutsa fuska ya ce, "Yau kuma me ya samu gidan nan? Duk gudaji."