Shekara bakwai babu Yaya Asiya, mai tambayar inda kama ta ƙare

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Asiya makwancinta a Umdurman. Ita ce babba a ɗakinmu, malamar adabi a wata makarantar 'yan mata, ni kuwa tela ne mai shago a unguwar Kalakla. Ta rasu kafin yaƙi ya ɓarke, ta bar mini 'yarta guda, Nafisa, marainiya mai shekara goma sha biyu. A gadon asibiti ta riƙe hannuna ta ce, "Sani, amana." Ba ta ƙara komai ba, ita da magana ba ta ƙare mata.

Tana raye na sha tsokanarta. Nakan ce ana biyanta albashi ne don ta gaya wa yara cewa mawaƙin da ya kira budurwa farin wata ba yana nufin a sama take rataye ba. Darasin da take ji da shi shi ne balaga, wato adon magana, su kamantawa da kinaya da kambamawa. Maganar da ta tsinta a bakin fasinja cikin hafila, wato bas ɗin haya, tana tsallaka gada, ita za ta rubuta a allo, ta tambayi yara me aka kamanta da me, kuma ta wace fuska suka yi kama. Wannan kowane malami yana yi. Nata na daban shi ne tambayar da take rufewa da ita: a ina kamar ta ƙare? Ta ce duk kamantawa tana da inda take tsayawa, wanda ya bi ta har ya wuce wurin ya ɓata.

Ni ma ban tsira ba. Wata rana ta same ni a shago ina gaya wa wata Hajiya cewa wannan yadi ƙarfe ne. Yaya ta ce, "To Hajiya, kada ki bari ruwa ya taɓa shi, zai yi tsatsa." Hajiya ta yi dariya ta saya, ni na yi kwana biyu ina fushi.

Mu mutanen Kalakla mun san ambaliya. Idan kogin Farin Nilu ya cika da damina, kowa ya san aikinsa. A cika buhuna da yashi a jera a bakin ƙofa, a ɗora gadaje a kan bulo, a tara kaya a kansu, a zauna a jira. Ba a gudu, wanda ya gudu za a yi shekara ana yi masa dariya. Da harbi ya fara kusantar unguwarmu, Baffa Idrisu, yayan mahaifinmu kuma babban gidanmu, ya tara mu. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsintar auduga a gonakin Jazira, da guminsa ya gina gidan. Ya ce, "Wannan ambaliya ce. Ta zo da lokacinta, za ta janye."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Ya ba mu suna ga abin da ba mu san sunansa ba, kuma sunan ya zo da aikin da muka iya. Muka jera buhunan yashi, muka ɗora gadaje a kan bulo. Da hannuna na ɗaga keken ɗinkina sama, kamar harsashi ta ƙasa yake malalowa.

Makonni suka wuce. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe. Aka fara jin cewa masu bindiga suna shiga gidaje a layin bayanmu, suna kwashe motoci, suna tambayar ko akwai 'yan mata. Na ji, na yi shiru, domin Baffa ya riga ya yi magana. Wata safiya suka zo suka ɗauke rakshar maƙwabcinmu, babur ɗinsa mai ƙafa uku na haya. Ɗayansu ya taka dutse ya leƙo ta katangarmu, Nafisa tana shanya. Lokacin ta kai sha bakwai. Ta shigo ɗaki da gudu, ta ce, "Kawu, wallahi ya daɗe yana kallona. Ruwa yana kallon mutum ne?"

Muryar uwarta na ji, tsoro da kunya suka rufe ni tare.

A gidanmu ba a musu da Baffa. Na same shi a gindin darbejiya yana shan shayi, matan gida suna zaune gefe. Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ina da magana." Na ce ambaliya tana da wata sananne, wannan kuwa babu wanda ya san ranar janyewarsa. Na ce buhun yashi yana tare ruwa, ba ya tare mutum. Na ce ruwa ba ya zaɓar gidan da akwai budurwa. Ina magana ina jin daɗin yadda take fita, kuma wannan ne abin da na fi jin kunyarsa yau.

Ya ajiye kofin a hankali. Ya ce, "Karatun Asiya ne ya tashi a bakinka? Halas, shi ke nan. Ɗauki yarinyar da matan ku tafi. Ni ruwa bai taɓa korata daga gidan nan ba."

Washegari muka fita ta hanyar kudu, Nafisa a lulluɓe cikin tsohon mayafin kakarta, a tsakiyar tsofaffi. A kowane shingen masu bindiga ana leƙo motar da muka shiga, ni ina kallon gwiwoyina ina salati. Allah ya fitar da mu. Baffa ya zauna. Bayan wata huɗu wani maƙwabci ya aiko mana cewa maganinsa na hawan jini ya ƙare, ya faɗi, kuma a tsakar gida suka binne shi don hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. Da na koma bana, na tarar da gadajen suna nan a kan bulo, babu ko tsinke a kansu.

Yanzu a Umdurman muke zaune, a ɗakin haya. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan zamani. Saƙonnin murya da ake turawa a waya cike suke da zakuna da tsintsiya da guguwa, kowa yana ƙawata kisan da ya yi masa daɗi. Da allonta bai ishe ta ba. Amma na fi jin tsoron abin da za ta ce da ni. Ɗalibanta da suka zo mana ta'aziyyar Baffa sun gaya mini cewa idan ta rushe wa yarinya kamantawa, ba ta barinta ta zauna sai sun gina wata tare, wadda ta fi ta farko gaskiya. Ni rabin darasin na ɗauka. Na ƙwace wa tsoho maganar da yake dogara da ita, a gaban iyalinsa, ban miƙa masa wata ba.

Abin da ya saura na Yaya Asiya shi ne yarinyar nan da ke zaune lafiya tana jiran karatu ya dawo, da tambayar da ta fitar da ita daga Kalakla. Na gode wa Allah da wannan. Sai dai har yau, ina taka keke, ina neman maganar da za ta tayar da Baffa daga gindin darbejiyar nan ya biyo mu, ban samo ba. Da Yaya ce, da ta samo ta kafin shayinsa ya huce. Allah ya jiƙansu duka biyu.